Kafin Ka Lissafa Wa Yaron Mashi Kayan Kwamfuta, Tambaye Shi Wutar Gidansu

Makalar wannan makon za ta taka sawun wasu daga cikinmu, wanda ya ji zafi ya yi haƙuri, amma maganar sai an yi ta.

Akwai wani salon rubutu da ya fara yawa a shafukan Hausa, mai taken irin su "Yadda za ka haɗa kwamfutar gem da kuɗi kaɗan". Yadda ake yin sa ba ɓoyayye ba ne. Mutum zai kalli bidiyon wani Ba'amurke a YouTube, ya kwashe jerin kayan da ya lissafa, ya juya su zuwa Hausa, ya liƙa hoton wata kwamfuta mai gilashi da fitilu ja da shuɗi, ya saki. A yi ta yaba masa ana cewa Allah ya ƙara basira. Ni abin da nake gani a irin wannan rubutu cuta ce, kuma wanda ake cuta shi ne yaron da ya yarda da mu saboda mun yi masa magana da harshensa.

Mu ɗauki matashi a Mashi, a kan hanyar Katsina zuwa Daura. A ce ya shekara biyu yana tari. Ya yi adashi, ya sayar da wakensa da kaka, ya kiwata rago ya kai kasuwa gab da Babbar Sallah. Burinsa ya haɗa kwamfuta da hannunsa, ya buga ƙwallon eFootball da GTA, ya koyi gyaran hoto da bidiyo, wataƙila ma ya buɗe ɗan gidan gem a ƙofar gida. Kayan irin waɗannan sai ya nufi birni, galibi sai Kano, a Beirut Road ko Farm Centre, ko kuma ya tura kuɗi Computer Village da ke Ikeja a sanyo masa a mota. Idan ya yi kuskuren saye, babu wani shago a bayan layinsu da zai koma ya ce a canza masa. Tsalle ɗaya zai yi ya faɗa rijiyar, kuma rubutunmu ne ya nuna masa bakinta.

Mu fara da kalmar "kuɗi kaɗan" ɗin kanta. Wanda ya yi bidiyon a Amurka, idan ya ce mai araha, yana nufin kamar dala 700. Tun bayan da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura naira 1,500 a farkon 2024. A kan wannan farashi, dala 700 ta zarce naira miliyan ɗaya. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Yulin 2024 naira 70,000 ne. Ke nan abin da marubucinmu ya kira "kaɗan" albashin wata 15 ne na ƙaramin ma'aikaci, ba ci ba sha. Katin hoton da ake yawan liƙa hotonsa don jan ido, RTX 4090, ya fito a 2022 a kan dala 1,599, wato albashin wata 34. Wanda ya fassara jerin kaya ya bar kalmar "araha" yadda ya same ta, ai bai gama fassarar ba.

Amma ko kuɗin ba su ne babbar matsalar ba. Babbar matsalar tana jikin bango, a soket. Duk jerin da aka rubuta a Amurka ko Ingila an gina shi ne a kan abin da ba a ma ambata, wato wuta tana nan dare da rana, ba ta rawa, ɗakin kuma da sanyi. Mu kuwa a Katsina da Kano da Jigawa KEDCO ke raba mana wuta, kuma an kasa layuka rukuni-rukuni. Rukunin A an yi masa alƙawarin awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E kuma awa 4. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin rukunin A zuwa naira 225 a kowane yunit kafin a ɗan sassauta. A Oktoban shekarar ne kuma yawancin Arewa ta kwashe fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta. Marubucin da bai tambayi mai karatunsa wane rukuni layinsu yake ba, kuma ko alƙawarin yana cika, bai da hurumin gaya masa katin hoton da zai saya.

Ga lissafin da ya kamata ya zo a farkon kowane irin wannan rubutu. Batir mai bolt 12 da amfiya 200, irin wanda ake haɗawa da sola, yana ɗauke da abin da zai ba da wat 2,400 na tsawon awa ɗaya. Idan na ruwa ne ba a so a zuƙe fiye da rabinsa, in ba haka ba ya mutu da wuri. Saura 1,200. Inbata ma tana cin nata kason, sai a ce abin da ya rage wajen 1,000 ne. To, katin RX 580 da ake ta tallatawa a matsayin na talaka, shi kaɗai yana jan wat 185. Idan ka haɗa da sauran kayan da allon kallo, ka doshi wat 330. Raba 1,000 da 330, awa uku ke nan, kuma ba a kunna fanka ko ƙwan fitila ba. Kwamfutar da aka gina a kan Ryzen 5 5600G kuwa, wadda ba ta da katin hoto na daban, da ita da allon kallonta ba su cika wuce wat 140 ba. Batir ɗin nan dai zai riƙe ta wajen awa bakwai. Wannan bambanci shi ne tsakanin kwamfutar da ake amfani da ita da wadda ake lulluɓewa da zane ana nuna wa baƙi.

Wani zai ce ai akwai janareta. Akwai. Ƙaramin nan da ake gani a kowane shagon caji ƙarfinsa bai wuce wat 650 zuwa 800 ba, wutarsa kuma hawa da sauka take yi, abin da kayan kwamfuta suka fi tsana. Man da yake sha fa? Bayan cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. Duk awar da yaron nan zai yi yana wasa, akwai kuɗinta. Mai rubutun gaskiya zai sa wannan a cikin farashin kwamfutar, kamar yadda mai sayen babur ke lissafa mai da bakin mai.

Saboda haka jerin da ya dace da Mashi daga wuta yake farawa. Na farko shi ne abin da zai kare kayan: sitabilaiza mai kyau da UPS. A nan ma akwai tarko. UPS ɗin da aka rubuta wa 650VA ba wat 650 yake ɗauka ba, wajen 360 ne, kuma aikinsa ya ba ka 'yan mintuna ka adana aikinka ka kashe kwamfuta cikin mutunci. A kuma duba ko wayarin gidan yana da wayar da ke sauke wuta ƙasa, domin gidaje da yawa ba su da ita, shi ya sa za ka taɓa jikin na'ura ka ji tana ɗan fizgarka.

Na biyu shi ne akwatin rarraba wuta na cikin kwamfutar, wanda masu gyara ke kira fawa-fak. Shi ne abin da jerin 'yan kwafe ke sakawa a ƙarshe, a ce a sayi duk wanda ya samu da canjin da ya rage. Alhali shi kaɗai ne idan ya lalace yake iya tafiya da sauran kayan. Akwai marasa suna masu nauyin kwali da aka rubuta wa wat 600, waɗanda ko rabin haka ba sa bayarwa. A nemi na kamfanin da aka sani, irin su Seasonic ko Corsair ko Cooler Master, mai tambarin 80 Plus, wanda ke nufin aƙalla kashi 80 cikin 100 na wutar da ya ja tana isa ga kayan, ba ta ƙarewa a zafi. Mai wat 450 zuwa 550 ya wadatar. A wannan wurin dai araha ba ta ado.

Na uku ƙwaƙwalwar kwamfutar, furosesa. Dalilin da na ambaci Ryzen 5 5600G shi ne tana ɗauke da sashen hotonta a cikinta. AMD ta fitar da ita a 2021, tana da cibiyoyin aiki shida, an ƙiyasta ta a wat 65, kuma tana zama a gurbin AM4 wanda ke kasuwa tun 2016, don haka allunansa na hannu sun wadata. A lura da harafin ƙarshe, domin a nan ake yin asara. Ryzen 5 5600 marar G ba ta nuna hoto sai da kati. A ɓangaren Intel kuma, duk mai F a ƙarshe, kamar i3-12100F, ita ma haka take. Harafi ɗaya marubuci zai yar a wajen kwafe, yaro ya dawo daga Kano ya haɗa kaya ya kunna, allo ya tsaya baƙi ƙirin.

Na huɗu uwar allo, wadda 'yan kasuwa ke kira madabod. A520 ko B450 ko B550 duk suna karɓar wannan furosesa, sai dai tsofaffin da suka daɗe a shago suna iya buƙatar a sabunta musu BIOS tukuna. Maganin wannan mai sauƙi ne. A sa mai shago ya ɗora furosesar a kan allon ya kunna a gaban mai saye kafin kuɗi su bar aljihu. Gani ya kori ji.

Na biyar RAM. Gigabait 16 ake so, amma a sayo sanda biyu masu 8 kowanne, kada a sayo ɗaya mai 16. Sashen hoton da ke cikin furosesa daga RAM yake aro, idan sanduna biyu ne hanya biyu yake samu, kuma bambancin yana fitowa ƙuru-ƙuru a cikin wasa. DDR4 ce ke shiga waɗannan alluna, DDR5 ba ta shiga ko da an danna. Tunda farashin RAM ya yi tashin gwauron zabo daga ƙarshen 2025 saboda kamfanonin ƙirƙirarriyar basira suna wawure kayan, duk wanda zai rubuta farashi ya sa ranar da ya tambayo.

Na shida ma'ajiya. SSD mai gigabait 512 ta fi tsohon faifai mai juyawa ko da ya ninka ta girma, saboda sauri, da kuma cewa ba ta da allurar da girgiza ke lalatawa.

Katin hoto shi ne na ƙarshe, kuma yana iya jira har wata kakar. Idan hali ya samu, GTX 1650 tana jan wat 75 kacal, yawancinsu ma ba sa buƙatar wata wayar wuta ta daban. RX 6600 mai gigabait 8 tana jan wat 132, kuma ta fi RX 580 ƙarfi nesa ba kusa ba. Fitilu da gilashi kuwa kyan ɗan maciji ne. Ba sa ƙara wa wasa gudun komai, gaban gilashi ma toshe iska yake yi. Gidan kwamfuta mai raga a gaba da fanka biyu ya fi mana amfani.

Dalili kuwa shi ne yanayinmu. Daga Maris zuwa Mayu zafi a ƙasar Katsina yana haura digiri 40. Kwamfuta da iskar ɗaki take shan iska, idan ɗakin kwano ne ya ɗauki rana, furosesa za ta rage gudunta da kanta don kada ta ƙone, mai ita ya zaci an sayar masa da jabu. Da hunturu kuma ƙura ce ke cika fankoki ta toshe ragar. A ɗora kwamfutar a kan tebur, kada a ajiye ta a ƙasa, a riƙa hure ta da bulowa a kai a kai tare da riƙe fankokin kada su yi ta juyawa. Kada a lulluɓe ta tana aiki. Kuma kun san ɗan tartsatsin nan da ke ɗaukar mutum da hunturu idan ya taɓa ƙofar mota ko ya cire rigar sanyi? Shi kaɗai yana iya kashe RAM ko uwar allo. Mai haɗa kaya a wannan lokaci kada ya yi a kan bargo ko kafet, ya kuma riƙa taɓa ƙarfe kafin ya ɗauki kowane abu. Wane bidiyon Kalifoniya ne zai gaya wa yaron Mashi wannan da sunan hunturu?

Sai kasuwar kayan hannu, inda yawancin masu ƙaramin ƙarfi za su ƙare. A ranar 15 ga Satumban 2022 tsarin kuɗin intanet na Ethereum ya daina amfani da haƙa da katin hoto. Katunan da suka shekara suna aiki ba dare ba rana suka malalo kasuwannin duniya, RX 580 na gaba-gaba. Akwai kuma wadda ake kira RX 580 2048SP, da aka yi don kasuwar Sin, wadda ba ta kai ta asali mai 2304 ba. Akwai tsofaffin katuna da ake sauya wa suna a sayar da su a matsayin GTX 1050 Ti. Duk wannan ana iya ganewa da ƙananan manhajoji na kyauta. GPU-Z tana tona asirin kati, CrystalDiskInfo tana faɗin awannin da ma'ajiya ta yi tana aiki da lafiyarta, MemTest86 tana gwada RAM, FurMark kuma tana matsa wa kati na 'yan mintuna a ga ko zai ɗauke. Yaro ya zuba su a filas ya tafi da su kasuwa. Ɗan kasuwar da ya hana gwaji ya riga ya ba da amsa. Tura kuɗi ga wanda aka gani a intanet ba tare da wani amintacce ya duba kayan ba kuwa, cinikin biri a sama ne.

Akwai hanyar da ta fi wannan sauƙi, kuma ban cika ganinta a rubuce-rubucenmu ba saboda ba ta da kyan hoto. Tsofaffin kwamfutocin ofis, irin su Dell OptiPlex da HP EliteDesk da Lenovo ThinkCentre, suna shigowa da yawa. A ƙara musu RAM da SSD da ɗan siririn kati marar cin wuta kamar RX 6400, sai su buga wasanni da dama. Illarsu ita ce akwatin wutarsu ƙarami ne kuma na musamman, ba ya ɗaukar babban kati. A kuma duba zamanin furosesar, domin Microsoft ta daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma a hukumance daga zubi na takwas na Intel take farawa.

Kada a manta da data. GTA V kaɗai ta kai wajen gigabait 100, kuma a Janairun 2025 hukumar NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100. Jerin da bai ce komai a kan yadda wasan zai shiga cikin kwamfutar ba, ya sayar wa mutum doki ne babu linzami.

Na san abin da za a ce. Wasu za su ce 5600G ba ta da ƙarfi, ba za ta ɗauki sababbin manyan wasanni da cikakken kyansu ba. Gaskiya ne. Za ta buga GTA V da Valorant da makamantansu a matsakaicin kyau, wasu sababbin kuma sai an rage komai, wasu ma ba za su yi daɗi ba sam. A faɗa wa mai karatu haka ƙarara. Amma tana kunnuwa a wutar da yake da ita, kuma gurbin kati yana nan yana jiran ranar da ya samu ƙarin batir. Daidai ruwa daidai tsaki.

Wasu za su ce to me ya sa ba zai sayi laftof ko PS4 ya huta ba? Ga mutane da yawa wannan ita ce shawarar da ta fi. Laftof da batirinta take zuwa, PS4 ta hannu kuma ta ishi mai son ƙwallo kawai. Marubuci na gari yana da ƙarfin halin da zai ce wa mai karatu kada ka haɗa kwamfuta bana. Mai neman tafi ne ba ya iya faɗin haka, don ba ya jawo masu bibiya.

Wasu kuma, musamman manyanmu a wannan zaure, za su ce gem shiririta ce, me ya haɗa marubuci da ita? Yaran nan suna yi ko mun rubuta ko ba mu rubuta ba, kuɗinsu kuma na gumi ne. Kwamfutar da ke buga wasa ita ce dai ke tsara shafukan littafi, ta zana bangonsa, ta tace bidiyo. Da yawa a cikinmu a waya muke buga labari mai babi hamsin da babban yatsa. Wannan ilimi mu ma muna bukatarsa.

Masu cewa su ba masana kwamfuta ba ne, fassara kawai suka yi, su ne na fi jin haushinsu. Aro ba laifi ba ne. Abubakar Imam, wanda ya yi karatu a Kwalejin Katsina ya kuma koyar a Midil ta Katsina, ya ɗebo labarai daga Larabawa da Turawa da Indiyawa ya zuba a Magana Jari Ce, amma sai da ya sauya musu riga da gari da sarauta har Bahaushe ya ɗauka a gidansu aka haife su. Shi da Rupert East sun rubuta Ikon Allah don bayyana kimiyyar halittu da Hausar da ɗan makaranta zai gane. Gadon da aka bar mana ke nan, a aro a kuma daidaita da ƙasar da za a shuka. Idan za ka rubuta labarin da jarumarsa malamar asibiti ce, ai kana zuwa ka tambayi yadda ake aikin dare. Me ya sa idan maganar kuɗin yaro ce sai ka ga tambaya ta yi maka nauyi?

Don haka ga roƙona ga duk wanda zai sake rubutu a wannan fanni. Ka je wurin mai haɗa sola a garinku ka tambaye shi batir nawa mutane ke iya saye. Ka zauna da mai gyaran kwamfuta ka ji abin da ya fi ƙonewa a kayan da ake kawo masa. Ka kira Beirut Road ka ji farashin ranar, ka rubuta shi da kwanan wata. Ka sa wat ɗin kowane abu kusa da sunansa, ka tara, ka raba da batir a gaban mai karatu don ya iya maimaita lissafin da nasa. Kalmar da ba ka gane ba kada ka wuce da ita, don shi ma ba zai gane ba. Idan ba za ka iya wannan wahala ba, ka bar fannin ga mai iyawa, ka koma inda alƙalaminka ya fi kaifi. Babu abin kunya a ciki.

Wanda yake ganin na yi kuskure a lissafi ya kawo nasa, da lambobinsa, mu gwada. Allah ya sa abin da muke rubutawa ya zama hujja gare mu, ya kuma tsare dukiyar masu karanta mu. Sai mako mai zuwa idan mai kowa mai komai ya kai mu.